Me ya sa motata ta rimot take fitowa kamar abin wasan yara a bidiyo?

Wani matashi ne ya aiko da wannan tambayar: "Na sayi motar rimot ƙirar Hilux, mai ma'aunin 1/10. Na fesa mata fentin gwangwani, bayan kwana uku ya fara ɓarewa. Na shafa mata ƙasa don ta yi kama da motar da ta sha hanya, amma duk bidiyon da na ɗauka da waya, kallo ɗaya za a yi a gane abin wasa ce. Waɗanda nake gani a YouTube kuwa sai ka rantse motar gaske ce. Ina matsalar take?"

Ƙanena, matsala uku ka zuba a ƙwarya ɗaya: ta fenti, ta tsufar da mota, da ta ɗaukar bidiyo. Ta farko ce kawai ta shafi kayan aiki. Sauran biyun uwarsu ɗaya, wato lambar nan da ka rubuta da hannunka, 1/10. Kamfanin da ya ƙera motar ya rage tsawonta da faɗinta sau goma, iyakar aikinsa ke nan. Bai rage maka ƙwayar yashin da ka shafa mata ba, bai rage tsayin da kake riƙe waya ba, bai kuma rage saurin da abu ke faɗowa ƙasa ba. Wannan ragin kai ne za ka yi shi. Amma mu fara da fentin, tunda shi ya fi ci maka rai.

Bodin motar rimot iri biyu ne, kuma fentinsu ba ya haɗuwa. Akwai na roba mai tauri, irin wanda idan ka ƙwanƙwasa da farce zai yi ƙara kamar murfin rediyo. Shi ne a jikin ƙananan motocin WPL da MN na China, shi ne kuma a jikin tsohuwar Toyota 4x4 da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar a 1981, wadda har yau masu tara motoci suke farauta. Akwai kuma na roba mai laushi, siririya, kaurinta kusan milimita ɗaya ne, wadda za ka danna ta lotsa ta dawo. Sunanta a kasuwa Lexan. Kamfanin General Electric na Amurka ne ya fito da sunan, daga baya ya koma hannun kamfanin SABIC na Saudiyya da ya sayi sashen robar kamfanin a 2007. Mafi yawan motocin 1/10 da ake sayarwa a shirye, irin su Traxxas TRX-4 da Axial SCX10, wannan robar ce a kansu, saboda tana shan karo ba ta fashewa.

Yadda ka kwatanta, naka Lexan ne, kuma daga waje ka fesa shi. Fentin gwangwani na shagon kayan gini idan ya bushe tauri yake yi kamar ɓawon ƙwai. Robar kuwa duk lokacin da motar ta daki dutse sai ta lanƙwasa. Ɗaya na motsi ɗaya na tsaye, dole su rabu. Nima na sha wannan a motata ta farko. Na fesa mata ja mai sheƙi, na yi ta kallonta ina murmushi har dare, washegari ta kife sau ɗaya a bakin kwata, fentin ya zubo kamar ɓawon gyaɗa.

Lexan ta ciki ake fentinta, da fentin da aka yi dominta. A kayan Tamiya shi ne mai lambar da ta fara da PS, na roba mai tauri kuma TS ne, kada ka musanya su. Bodin da ba a fenta ba garau yake zuwa kamar gilashi, da wata siririyar leda manne a bayansa don ta tare feshin da ya kauce. Ka bar ledar nan sai ka gama komai. Ka wanke cikin bodin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, domin akwai maiƙon da ya rage daga wurin ƙira, ka bari ya bushe sarai, ka rufe gilasai da salatif na takarda. Sannan ka juya tunaninka: abin da ka fara fesawa shi ido zai fara gani daga waje. Don haka launi mai duhu ke shiga da farko, mai haske ya biyo baya, a ƙarshe ka rufe da fari ko ruwan azurfa don launin ya fito kuma haske ya daina ratsawa. Idan ka fara da fari ka bi shi da baƙi, baƙin zai leƙo ta cikin farin ya mayar da shi ruwan toka mai datti.

Roba mai tauri kuwa kamar motar gaske ake mata. Ka goge ta da sanfefa mai laushi, lamba 600 zuwa 800, da ruwa, ka wanke, ka sa fentin share fage wanda masu fentin mota ke kira firaima, sannan launi. A nan fentin gwangwani na kasuwa zai iya yi, amma ka fara gwada shi a ciki inda ba a gani, don wasu suna da zafin da ke cin roba ta yi yamushi. Dalilin da na kawo wannan shi ne gwangwanin feshi kaya ne mai kama wuta, jiragen sama ba sa ɗaukarsa yadda suke ɗaukar sauran kaya, don haka sau da yawa za ka yi odarsa ta intanet a ce ba za a iya aiko maka ba. Fentin kwalba mai narkewa da ruwa, irin na Vallejo na Sifaniya, ya fi sauƙin isowa.

Wajen feshin, ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga bodin, santimita 20 zuwa 30. Ka fara danna kan gwangwanin kafin ka iso jikin motar, ka wuce ta kafin ka saki. Zagaye na farko ya zama kamar hazo, har ka ji kamar ba ka yi komai ba. Uku ko huɗu sirara sun fi ɗaya mai kauri, domin kaurin fenti ma yana da ma'auni. Fentin da ya taru ya cike layin ƙofa ko ya nutsar da marikin ƙofa, a idon kyamara kamar an yaɓe motar da siminti ne. Yanayinmu kuma yana da nasa sharaɗin. Da tsakar rana a watan Afrilu, feshin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai ka taɓa ka ji jikin motar kamar sanfefa. Da damina, idan iska ta cika da laima, fenti mai sheƙi yakan yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba. Ni da sassafe nake feshi, a waje, da takunkumi a hanci, ina gamawa in kifa babban kwali a kan bodin.

Yanzu tsufarwa, inda aikin ya fi daɗi kuma aka fi ɓata shi.

Abu na farko, kashe sheƙi. Babu abin da ke tona asirin ƙaramar mota kamar ƙyallin roba. Lexan da aka fenta ta ciki tana ƙyalli ta waje kamar alewa, kuma ƙura ko fenti ba sa kama ta. Maganinta shi ne ka cire ledar waje, ka rufe gilasai da fitilu, ka fesa mata fenti marar launi mai kashe sheƙi, PS-55 a kayan Tamiya, ko TS-80 idan roba mai tauri ce. Wannan kaɗai, ko ba ka ƙara komai ba, ya yi maka rabin tafiya.

Kafin ka ɗauki burushi, ka bar motar a gida ka tafi tasha ko garejin makanikai da wayarka. Ka zaɓi mota ɗaya tak, ka zagaye ta, ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, bayan ka nemi izinin mai ita. Za ka lura datti ba ya zama ko'ina daidai. Laka tana fallatsa daga bayan taya ta yi sama a karkace. Ƙura tana kwanciya a kan duk abin da yake shimfiɗe, tana maƙalewa a lungun gilashi da ƙarƙashin roba, amma wurin da hannu ke taɓawa kullum, kamar marikin ƙofa da gefen da direba ke ɗora gwiwar hannu, a goge yake har ya yi santsi. Ƙarƙashin murfin tanki akwai zirin mai da ƙura ta bi ta manne. Kusa da salansa akwai baƙin hayaƙi, musamman a mota mai shan gas. Bakin akwatin baya, inda ake jan buhu da ƙarfe, fentin ya tafi har ƙarfe ya fito.

A nan ne nake saɓawa da yawancin bidiyon koyarwa da za ka gani. Masu yin su a ƙasashen sanyi suke, inda ake zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma ya ci ƙarfen mota daga ƙasa har ya huda shi. Shi ya sa motocinsu na kwaikwayo suke cike da tsatsa. Motar da ta tsufa a Katsina ko Damagaram rana ce ta cinye ta. Rufi da bonet sun koɗe, ja ya koma kamar ruwan hoda, shuɗi ya yi fari-fari kamar an shafa alli, robar bamba baƙa ta zama ruwan toka. Ƙofa ɗaya launinta ya bambanta domin daga wata motar aka ciro ta. Akwai facin da mai gyaran bodi ya cike ya bari ba fenti. Tsatsa tana nan, amma 'yar kaɗan ce, inda aka ƙwarzane. Idan Hilux ɗin da ke ɗaukar kaya daga Agadas ta nufi hamada kake son kwaikwaya, da jarkokinta da aka naɗe da buhu a rataye a gefe, to ƙura da koɗewa ne aikinka. Ka lulluɓe ta da tsatsa, duk direban da ya gani zai ce wannan daga bakin teku aka kawo ta.

Ka kuma san da wane ƙarfe aka yi motar ta asali. Na sha ganin TRX-4 mai bodin Land Rover Defender an zuba mata jar tsatsa a ƙofofi da fukafukai. Yawancin fatar jikin Defender ta gaske alminiyam ce, ba ta jar tsatsa, sai dai ta yi fari-fari ta kumbura fenti. Shasinta da bangon da ke tsakanin inji da direba su ne ƙarfe, su ke tsatsa. Haka bamban roba ko rufin tamfol, babu dalilin da zai sa su yi tsatsa.

Koɗewar rana da sauƙi: ka ɗauki launin motar, ka ƙara masa ɗan fari, ka tsinka shi sosai, ka bi rufi da bonet da saman ƙofofi kawai. Gefen mota ya zauna da launinsa na asali.

Ɓarewar fenti kuwa, hanyar da na fi so ita ce ta soso. Ka yago ɗan guntun soso kamar ƙwayar wake, irin wanda ake samu a kwalin kayan lantarki, ka riƙe shi da hantsaki, ka tsoma a fenti ruwan ƙasa mai duhu. Sai ka yi ta dangwala shi a takarda har ya kusan daina fitar da komai. A lokacin ne za ka kai shi jikin motar, ka taɓa gefen ƙofa, bakin akwatin baya, gaban bonet inda tsakuwa ke duka. Ka tuna da lissafi: ɗigon da ya kai milimita 5 a motarka, a motar gaske tabo ne mai faɗin santimita 5, kusan bakin kofin shayi. Yawancin ɓarewar da ke jikin mota ba ta kai farce ba, wato a taka motar milimita ɗaya ce ko ƙasa. Idan kana iya hango tabon daga ƙofar ɗaki, ya yi girma. Bayan sosan, ka goga bakin fensir a kan kaifin ƙarfen da ake yawan gogawa, zai ba ka ƙyallin ƙarfe tsirara wanda fentin azurfa ba ya iya bayarwa.

Idan wuri mai faɗi kake so ya ɓare, kamar cikin akwatin baya, akwai dabarar gishiri. Ka fara shafa launin tsatsa, ya bushe, ka jiƙa wurin kaɗan, ka barbaɗa gishiri, ka bari ya kama, ka fesa launin motar a kai. Idan ya bushe ka kankare gishirin da tsohon burushin haƙori, tsatsar ta leƙo. Akwai kuma masu amfani da feshin gashi na mata a tsakanin launukan biyu, sai su jiƙa na saman su goge shi da burushi. Ya fi gishiri ba da tabo mai kyau, amma sai da fenti mai narkewa da ruwa yake aiki, kuma a kan roba mai tauri ya fi zama.

Sai wanki, haka muke kiransa duk da cewa datti ake sawa. Ka sami fentin mai na masu zane, irin na bututu, ruwan ƙasa mai duhu da kuma ja-ja mai kama da gasasshen bulo wanda za ka ga an rubuta Burnt Sienna a jikinsa. Ka tsinka ɗan kaɗan da farin tinar masu zane marar zafi har ya zama kamar shayin da bai ji ganye ba. Ka ɗiga shi da bakin siririn burushi a layin ƙofa, za ka ga ya gudu da kansa ya bi layin. Bayan minti goma zuwa ashirin ka goge abin da ya fita da auduga. Don zirin tsatsa, ka sa ɗigo ƙanƙani kamar kan allura a ƙarƙashin ƙusa ko hinjin ƙofa, ka ja shi ƙasa da burushi mai ɗan danshi, ƙasa kawai, yadda ruwan sama zai ja shi. Gargaɗi ɗaya: tinar masu fentin mota da abin goge jan farce kada su kusanci motarka. Suna narkar da roba mai tauri, Lexan kuma su sa ta yi hazo ta tsattsage.

Ƙasar da ka shafa, tunaninka daidai ne, girman ƙwayar ne ya kashe ka. Yashi mai milimita ɗaya a jikin 1/10 tsakuwa ce mai santimita ɗaya, kuma babu motar da ke yawo da tsakuwa manne a ƙofa. Ka debo jar ƙasa busasshiya, ka daka, ka tankaɗe da rariyar gari, ka sake tacewa da tsohon ɗankwali mai shara-shara. Abin da ya ratsa, mai laushi kamar hoda, shi ne ƙurarka. Mafi kyau ma ita ce wadda hunturu ke ajiye maka kyauta a kan taga. Allin zane mai launi da aka kankare da reza shi ma yana yi. Ka shafa da busasshen burushi mai laushi. Idan laka kake so a ƙarƙashin mota da cikin madigadi, ka kwaɓa garin da farin gam na kafintoci da ɗan ruwa, ka ɗebo a burushin haƙori, ka ja gashinsa da babban yatsa ya fallatsa daga wajen taya zuwa baya. Gilashin gaba kuma ka yanka salatif daidai da zagayen da waifa ke sharewa, ka manna, ka yi ƙura, ka cire. Ɗan wannan abin yana ruɗar ido fiye da awa uku na aikin tsatsa. Idan ka rufe aikin da fenti mai kashe sheƙi, ƙurar za ta dusashe sosai, don haka ka ƙara wata a sama bayan ya bushe.

Saura abubuwan da ba fenti ba: ƙusoshin nan huɗu da ke leƙowa ta bonet da bayan mota suna riƙe bodi, ka maye su da maganaɗisu ta ciki. Ka sa direba, ko na roba ne, domin mota mai tafiya ba kowa a ciki ido ba ya yarda da ita. Wanda ya taɓa ƙera motar kara ko ta langa-langa yana yaro ba sai an koya masa yadda ake ɗaure kaya da zare a bayan akori-kura ba.

To, bidiyo. Ka ce kallo ɗaya ake gane ta. Ina kyautata zaton a tsaye kake ɗauka, wayar na kallon ƙasa. Idon mutum yana kusan santimita 160 daga ƙasa. Raba da goma, 16. Nan ne idon kyamararka zai zauna, ko ƙasa da haka. A tsaye, kamar kana kallon motar ne daga saman bene mai hawa biyar. Ka juya wayar kanta ƙasa don idon ya matso kusa da turɓaya, ka kwanta rub da ciki idan ta kama. Duk wanda ya dawo daga ɗaukar motar rimot da riga fes bai ɗauki komai ba.

Na biyu shi ne lokaci, kuma shi ne sirrin waɗanda kake gani a YouTube. Dutse idan ya faɗo daga tsayin mita 5, kusan daƙiƙa ɗaya yake ɗauka. A duniyar motarka mita 5 santimita 50 ce, kuma abu yana faɗowa daga santimita 50 a kusan sulusin daƙiƙa. Ƙwaƙwalwar mai kallo ta san wannan ko bai taɓa shiga aji ba: abin da ya yi tsalle ya dira nan take, ya yi ta karkarwa, ƙarami ne. Don haka dole ka rage gudun bidiyon. Amma ba sau goma ba, a nan mutane ke kuskure, sai motar ta zama kamar tana iyo a cikin ruwa. Ƙa'idar da masu shirya fina-finai suka daɗe suna bi wajen ɗaukar ƙananan gine-gine da jiragen kwaikwayo ita ce: ka nemi lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka ma'aunin. Na 10 kusan 3.16 ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, ka ninka da 3.16, ka sami kusan 76. Waya ba ta da 76, tana da 60 da 120. Idan ka ɗauka a 60 ka kunna a 24, ka rage sau biyu da rabi, ya ɗan gaza amma yana kyau. Idan ka ɗauka a 120, sai ka daidaita a manhajar tace bidiyo irin CapCut har ragin ya zama kusan sau uku. Mai motar 1/16 ya huta, nasa 4 ne cif, ya ɗauka a 120 ya kunna a 30. Mai 1/24 kamar Axial SCX24 nasa kusan 5 ne, wato 120 zuwa 24.

Wannan lissafin ya shafi yatsanka a kan rimot. Idan kana son a ga motar kamar tana gudun kilomita 50 a awa, ka tuƙa ta a kusan 16, idan aka rage sau uku da ɗoriya za ta dawo 5, wanda shi ne 50 a ma'auninta. Idan hawan dutse ne ko ratsa kwazazzabo, tafiyar hawainiya za ka yi. Kada ka fizge ta daga tsaye, kada ka karya sitiyari gaba ɗaya lokaci guda. Motar da ta yi tan biyu tana jinkiri kafin ta tashi, tana sunkuyar da kai idan an taka birki, tana jingina a kwana. Don taka ta yi haka, ka sassauta shokozoba, ka sa mai mara kauri a ciki, ka ƙara ɗan nauyi a ƙasan shasi, ka sa soso mai laushi a cikin taya yadda za ta ɗan lotsa idan ta hau dutse.

Na uku, kaifin hoto. Ka taɓa ganin hoton gari da aka dusashe sama da ƙasansa, sai motoci da mutane suka koma kamar kayan wasa? Kishiyar wannan kake nema. Idan gaban motar ya fito tar amma bayanta ya dushe, ido zai ce abin ƙarami ne an matso kusa da shi. Kana son motar duka ta fito, har da abin da ke bayanta gwargwado. A nan waya ta fi babbar kyamara sauƙi, domin ƙaramin idonta yana kama kusa da nesa tare. Ka kashe tsarin nan mai dusashe baya da ake ɗaukar hoton fuska da shi. Ka danna kan motar ka riƙe har wayar ta kulle kaifi da haske, don kada ta riƙa neman kanta a tsakiyar ɗauka. Mai babbar kyamara kuma ya tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16.

Wurin ɗauka shi ma yana da rawar da yake takawa. Ganyen darbejiya ɗaya a gefen taya ya isa ya rushe komai, haka ledar ruwa, murfin kwalba, sawun takalmi, ko ciyawa mai faɗin ganye. Ka share wurin, ka nemi ƙasa mai laushi, busasshen gulbi, tudun marmara, ko gefen kududdufin da ya tsattsage ƙanana. Bayan motar ya zama abu mai nisa, duwatsu, bishiyoyi can gaba, ko sararin sama, waɗanda ido ba zai iya auna su da ita ba. Ruwa ne mafi wuya, domin ɗigonsa ba ya raguwa, idan ta fantsama shi sai ka ga ƙwallaye kamar lemo suna tashi. Ƙura ta fi rufa asiri. Ka ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, rana na bayan motar ko a gefenta, ka barbaɗa tankaɗaɗɗiyar ƙasa a hanyar, ƙurar da taya ta tayar za ta kama haske. A waje za ka yi wannan duka, domin ɗauka a 120 tana cin haske, kuma wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce a daƙiƙa, don haka fitilun ɗaki sukan yi ta ƙyaftawa a bidiyon da aka rage wa gudu. Batirin motar kuma, idan irin LiPo ne, kada ka bar shi a rana ko a cikin mota a rufe yayin da kake kwance kana neman kusurwa, zafi yana kumbura shi, kumburarre kuwa yana iya kama wuta.

Sautin da wayar ta ɗauka, ka goge shi gaba ɗaya. Kukan ƙaramar motar lantarki kamar na sauro ne, kuma idan aka rage gudu ya koma wani gurnani marar kan gado. Ka je wurin mai Hilux ta gaske, ka roƙe shi ya tayar, ka naɗi ƙarar injin a tsaye, da lokacin da ya ba ta wuta, da ƙarar taya a kan burji, da rufe ƙofa. Ka ɗora a kan hoton yadda injin zai yi nishi daidai lokacin da tayar gaba ta fara hawa. Kowane yanki kada ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu: taya kusa, sai motar daga nesa, sai ta wuce ta gaban kyamara ƙura ta rufe. Idan yanki ya daɗe, ido yana samun sararin bincike.

Bodin da ke hannunka yanzu bai mutu ba. Tunda fentin bai kama ba, ka riƙa lanƙwasa robar a hankali, ka manna salatif mai ƙarfi ka fizge, yawancinsa zai biyo. Abin da ya yi gardama ka jiƙa shi a ruwan ɗumi da sabulu ka kankare da tsohon katin waya, kada ka sa reza. Idan robar ta ƙwarzane ko ta yi hazo, bar ta haka, fentin kashe sheƙi zai rufe, abin da ya rage kuma ya shiga lissafin tsufa. Gilasan kawai za ka kiyaye. Idan su ma sun lalace, ka yanke su da almakashi mai lanƙwasa, ka manna sababbi ta ciki daga robar kwalin kaya mai garau kamar gilashi, na gefen direba kuma ka bar shi a buɗe kamar an sauke shi saboda zafi.